Ƙidayar Kwanaki: Littafin Wani Tela da Ya Bar Cacar Ƙwallo

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025. Kwana 6.

Na buɗe wannan littafi ne bisa shawarar yayana, wanda ya ce mini duk abin da ban rubuta ba, zuciyata za ta sake ba ni labarinsa yadda take so. Ni tela ne, shagona yana wajen Ƙofar Marusa a nan Katsina, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma na shafe shekara biyu da wata biyu ina cacar ƙwallo. Na fara ne lokacin gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a ƙarshen 2022, da naira 200 kacal, aka kuma yi rashin sa'a na ci a bugun farko. Na kira shi rashin sa'a ne domin da kuɗin sun tafi a ranar, da wataƙila ban sake waiwayar abin ba.

Bugun ƙarshe ya faru ranar Lahadin da ta wuce, 2 ga wata, lokacin da Arsenal ta ci Manchester City biyar da ɗaya. Kuɗin da na zuba ba nawa ba ne. Naira 60,000 ce da wani dattijo ya ba ni domin in sayo masa shadda in ɗinka masa kayan da zai sa ranar ɗaurin auren 'yarsa, ni kuwa na ce wa kaina zan juya su a dare ɗaya in rufe wasu ramuka, sannan in sayo shaddar da safe. Da safiyar Litinin ya zo shago yana tambaya ko zai ga launin da na zaɓo, na tsaya da almakashi a hannu na rasa ƙaryar da zan yi masa, domin na riga na ƙarar da duk waɗanda na sani a kan wasu mutane.

A daren nan na je gidan yayana na faɗa masa komai, sannan muka dawo tare na faɗa wa mai ɗakina. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, "Maigida, na daɗe da sanin akwai inda kuɗi ke zurarewa, abin da ban sani ba shi ne ko za ka faɗa da bakinka." Wannan magana ta fi mini duka ciwo.

Ga abin da muka tsara mu uku. Babbar wayata tana hannun Yaya, ni kuma ina riƙe da ƙarama mai madannai wadda ba ta shiga intanet. Katin cirar kuɗina yana hannun mai ɗakina, kuma saƙon banki a wayarta yake sauka. Duk wanda ya biya kuɗin ɗinki a hannu, yaron shago ne zai karɓa ya rubuta a littafi, da yamma a kai gida a ƙirga. Kullum da safe ana ba ni naira 1,500 na abin hawa da abincin rana. Na kuma sauya hanyar komawa gida, domin tsohuwar tana bi ta gaban gidan kallon ƙwallon da na fi zama.

Yau ce Asabar ta farko. Tun daga la'asar hannuna yake kai wa aljihu yana neman wayar da ba ta nan.

Lahadi, 16 ga Fabrairu. Kwana 14.

Yaya ya sa na je banki na karɓo takardar shige da ficen asusuna ta shekarar 2024 gaba ɗaya, muka zauna a zaurensa da jan biro muna ja wa kowane layi na caca alama. Abin da na tura wa kamfanonin caca a shekarar ya kai naira 1,340,000, abin da ya dawo mini kuwa 610,000 ne. Da an tambaye ni kafin wannan zama, da na rantse cewa asarata ba ta wuce 200,000 ba, saboda kowane ci yana nan zaune a kaina da rana da sa'a, amma dubu biyu-biyu da dubu biyar-biyar ɗin da suka riƙa tafiya kowace yamma ba su bar sawu ba.

Bashin da ke kaina a yau naira 412,000 ne: na Yaya 150,000, na mai shaddar da nake ɗaukar kaya a wurinsa a babbar kasuwa 96,000, na adashin da na kwasa na daina zubi 60,000, na dattijon nan 60,000, sai na wata manhajar ba da rance 46,000, wadda ta riga ta aika wa mutanen da ke cikin wayata saƙon cin mutunci, har da surukina.

Yaya malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma ya yi mini wani bayani da nake son in adana shi a nan domin ranar da zuciya za ta zo mini da dabara. Ya ce idan ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, adalci shi ne wanda ya sa naira 100 ya ci a ba shi 200, amma kamfani 190 ko abin da ya yi kusa da haka yake bayarwa, wato tun kafin a busa usur naira 5 cikin kowace 100 da jama'a suka zuba ta zama tasa. Idan kuwa mutum ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, kamar yadda na saba, wannan ragi yana hawa kan juna har sau goma, sai abin da ke komawa hannun masu bugawa ya sauko zuwa kusan naira 60 cikin 100.

Sai na kawo masa hujjar da na daɗe ina riƙe da ita, cewa sau da yawa wasa ɗaya tak ne yake yanke mini tikiti, wanda ke nuna na iya hasashe, sa'a ce kawai ba ta zo ba. Ya ɗauki biro ya ce mu ɗauka kowane wasa cikin goman nan yana da damar fitowa kashi 70 cikin 100. A haka, duka goman za su fito ne kusan sau 3 cikin 100, amma tara su fito ɗaya ya yanke zai faru kusan sau 12 cikin 100. Ya ajiye biron ya ce, "Kai, abin da kake kira kusa da ci, shi ne irin faɗuwar da aka gina tikitin ya riƙa yi." Na kwana ina juya wannan magana, domin a kan "saura ƙiris" na gina shekara biyu na rayuwata.

Laraba, 26 ga Fabrairu. Kwana 24.

Barci ya ƙi, ga saurin fushi. Shekaranjiya na yi wa yaron shago tsawa a kan zaren da ni na ajiye shi a wani wuri, har ya ce, "Oga, ko ba ka da lafiya ne?" Saboda haka na yarda na je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na wani babban asibiti a nan gari, duk da nauyin da na ji na kada wani ya gan ni a layin.

Likitan bai yi mini wa'azi ba. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da take lissafawa, a ɓangare ɗaya da jarabar kayan maye, domin hanyar da take bi a ƙwaƙwalwa kusan ɗaya ce. Akwai wani sinadari da ake kira dofamin wanda ke tashi idan mutum yana sa ran samu, kuma ya fi tashi idan samun ba shi da tabbas. Shi ya sa, in ji shi, ɗan caca ya fi jin abin a mintunan da yake jiran sakamako fiye da lokacin da kuɗin suka shigo. Na gaskata shi nan take, domin na tuna daren da na ci 85,000, murnar ba ta kai ni sallar asuba ba, kafin azahar kuma na mayar da rabinsu.

Ya tambaye ni kai tsaye ko na taɓa tunanin hallaka kaina. Na ce ban taɓa shirya komai ba, amma a watan Disamba akwai dararen da na kwanta ina fatan kada in farka. Ya rubuta, ya ba ni ranar dawowa, ya kuma ce idan wannan tunani ya sake zuwa kada in jira ranar, in zo ko in faɗa wa wani a gida a take.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne bayaninsa a kan sha'awar kanta. Ya ce tana tasowa ne ta kai ƙololuwa sannan ta sauka da kanta ko da ba a biya mata ba, kuma aikina a lokacin shi ne in jinkirta, in tashi daga inda nake, in kira wani. Ya ce in riƙa rubuta lokacin da ta zo da abin da ya gabace ta. Na gwada kwana biyu, na ga tana zuwa ne a wuri uku: idan na ji ihun 'yan kallo daga nesa, idan mai bin bashi ya kira, da kuma idan aiki ya tsaya saboda an ɗauke wuta ina zaune hannu sake. Na ukun ya ba ni mamaki, saboda ban taɓa ɗaukar zaman banza a matsayin haɗari ba. Yanzu idan wuta ta tafi sai in koma kan keken ƙafa, ko in ɗauki aikin hannu na wuyan riga.

Laraba, 12 ga Maris, 12 ga Ramadan. Kwana 38.

Azumi ya zo mini da sauƙi ta wani gefe, ya zo da tsanani ta wani. Da rana babu ƙarfin tunanin komai, da dare kuma tsakanin tarawihi da ɗinkin Sallah babu sarari. Amma wannan ne watan da kuɗi suka fi ratsa hannun tela, kuma a azumin bara kuɗin kafin alƙalamin mutane na riƙa zubawa a caca ina cewa zan mayar kafin Sallah. Jiya kaɗai an kawo ɗinki na fiye da 70,000, na ga yaron shago yana ƙirga su yana rubutawa, na ji ƙirjina yana bugawa kamar wanda ya yi gudu. Na fita waje na tsaya a bakin titi har aka sa kuɗin a aljihun tebur aka kulle.

A wajen tafsiri Malam ya zo kan ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, inda aka haɗa giya da caca aka kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, aka kuma ce yana son ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane da su, ya kange su daga ambaton Allah da salla. Na san ayoyin tun ina makarantar allo, kuma sanin bai hana ni ba, wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye ba. Abin da ya sake mini a wannan karo shi ne na ji ayar tana lissafa abubuwan da suka riga suka same ni ɗaya bayan ɗaya: surukin da ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, abokan adashin da ke kauce mini, da sallolin magariba da na riƙa haɗawa da isha'i saboda ana tsakiyar wasa. Na lura kuma da lafazin umarnin, ba a ce a daina kawai ba, an ce a nisance shi.

Laraba, 2 ga Afrilu. Kwana 59.

An yi Sallah ranar Lahadi, kuma wannan ce Sallah ta farko cikin shekara biyu da ban kashe waya na ɓuya wa masu ɗinki ba. Kowa ya karɓi kayansa kafin daren Sallah. Mun kai yara wajen Ƙofar Soro kallon hawa.

Daga ribar ɗinkin an mayar wa dattijon nan kuɗinsa cif, na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce Allah ya shirye mu baki ɗaya. An biya manhajar rance, an kai wa mai shadda 40,000. Saura 266,000.

Asabar, 19 ga Afrilu. Kwana 76.

Saƙo ya shigo ƙaramar wayata daga ɗaya daga cikin kamfanonin, wai sun yi kewata, ga kyautar bugu an ajiye mini idan na dawo kafin ƙarshen mako. Na goge shi, amma na riga na karanta, kuma ya zauna mini a kai har magariba. Na nemi Yaya ya shiga tsohon asusun ya nemi a rufe shi, mu kuma sauya layin da aka yi rajista da shi.

A majalisar da muke zama bayan isha'i an yi muhawara a kan rufe shagunan caca. Wani ya tuna yadda Hisbah ta Kano ta rufe shaguna da dama a ƙarshen 2024, wani kuma ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na watan Nuwamban shekarar, wanda ya soke dokar caca ta tarayya ta 2005 ya mayar da ikon tsara harkar hannun jihohi. Ni ina goyon bayan a rufe, ko don yara 'yan makaranta da na sha gani suna shiga da kuɗin tara. Amma na faɗa musu abin da na sani a jikina, cewa a shekarar da na fi asara ban taka shagon caca ko sau biyar ba. Shagon yana cikin aljihuna, yana buɗe ƙarfe uku na dare, kuma babu maƙwabcin da zai gan ni ina shiga.

Laraba, 7 ga Mayu. Kwana 94.

Jiya da dare na je gidan kallo, karo na farko tun Fabrairu, na kalli Inter Milan da Barcelona, wanda aka tashi huɗu da uku bayan ƙarin lokaci. Ban buga komai ba, ban ma je da kuɗin da ya wuce na shiga ba. Na dawo ina jin daɗi cewa zan iya kallon ƙwallo kamar kowa. Mai ɗakina ta ce ba ta so, na ce mata wata uku ya isa a gwada mutum. Ban faɗa wa Yaya ba.

Lahadi, 18 ga Mayu. Kwana 105.

Dole in rubuta wannan yadda yake. Tun ranar Alhamis nake faɗa wa na kusa da ni a majalisa cewa Crystal Palace za ta ɗauki kofin FA a hannun Manchester City, suna yi mini dariya. Jiya aka buga, Palace ta ci ɗaya da nema. Wani tsohon abokin buguna ya dafa kafaɗata a bakin gidan kallo ya ce, "Mutumina, da ka sa ko dubu goma ce, da yau ka huta."

Cikin kwana ɗari da biyar babu abin da ya girgiza ni kamar wannan. Kiran masu bin bashi na iya jurewa, ganin kuɗi a tebur na koyi fita waje, amma ban yi tanadin ranar da hasashena zai fito daidai alhali ban buga ba. Na kwana ina lissafin kuɗin da ban ci ba kamar wanda aka yi wa sata, ina raba su: wannan na adashi, wannan na mai shadda. Zuciyata ba ta ce mini in koma caca ba. Cewa ta yi matsalata a da ita ce haɗama da jera wasa goma, amma wanda ya natsu ya zaɓi wasa ɗaya da ya fahimta, ai wannan ilimi ne. Na buɗe shafin 16 ga Fabrairu na karanta bayanin Yaya, na ga daidai ne, amma bai sanyaya mini komai ba.

Juma'a, 23 ga Mayu. Kwana 1.

Na buga.

Ranar Laraba da yamma yaron shago ya tafi kai aikin surfani, sai wani ya zo ya biya naira 3,000 na gyaran wando, na karɓa na sa a aljihu ban rubuta ba. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba a wannan lokaci. Da dare na je kallon wasan ƙarshe na kofin Europa tsakanin Tottenham da Manchester United, na miƙa wa abokin nan kuɗin na ce ya sa mini Tottenham a wayarsa. Tottenham ta ci ɗaya da nema. Jiya Alhamis ya kawo mini dubu takwas da 'yan kai har shago, yana murna, yana cewa ga wasan ƙarshe na zakarun Turai nan tafe.

Na yini da kuɗin a aljihu, kuma abin da ya tsorata ni shi ne ban ji daɗinsu ba ko kaɗan, tunanina duka yana kan yadda zan mai da su ashirin. Tsohon halin ya dawo cikakke cikin yini guda, kamar ban taɓa yin kwana ɗari ba. Bayan isha'i na ajiye su a gaban mai ɗakina na faɗa mata. Wannan karon ta yi kuka. Ta ce, "Maigida, da faɗuwa ka yi da na fi samun kwanciyar hankali." Ta faɗi gaskiya, domin faɗuwa tana zuwa da kunyar da ke korar mutum, ci kuwa gayyata ce.

Da asuba na tsaya bayan salla na sami limamin unguwarmu, na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da na yi, ga kuma kuɗin, yaya zan yi da su?" Ya ce in cire dubu ukun in mayar cikin kuɗin shago inda na ɗauke su, sauran kuwa ba nawa ba ne, ba za a ci a gidana ba, ba kuma za a biya bashi da su ba, in fitar da su ga wata maslaha ta jama'a ko wani mabuƙaci, da niyyar rabuwa da su, ba da niyyar neman lada ba. Ya tuna mini hadisin da ya ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka, ya ce in dubi yadda aka ɗora kaffara a kan furucin gayyatar kaɗai, tun kafin a kai ga bugu. Na sa kuɗin a asusun gyaran magudanar ruwan layinmu.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya, "Yaushe ka fara?" Na ce Laraba. Ya ce in buɗe littafin in duba. Na duba, na ga ranar 6 ga Mayu ce, daren da na koma gidan kallo na kuma ɓoye masa. Daga nan zuwa miƙa kuɗin kwana goma sha biyar ne, kuma kowane mataki a cikinsu ya yi kama da abin da ba shi da laifi.

Na yi gardama da kaina a kan ƙidaya. Wani ɓangare na zuciyata ya ce dubu uku ce kawai, a ci gaba daga 109. Na ƙi, domin littafin da aka fara yi wa kwaskwarima ba zai sake amfanata ba. Na kuma fara daga yau maimakon jiya, saboda jiya na karɓi kuɗin da hannuna. Kwanakin baya ba su lalace ba, bashin da aka biya ya biyu, amma lambar ta koma ɗaya.

Sababbin sharuɗɗa: babu gidan kallo, babu hasashen wasa ko da a baki ne a majalisa, kuma idan yaron shago zai fita, littafin kuɗi yana komawa hannun maƙwabcina mai sayar da zare, wanda na faɗa masa dalili. Abokin nan kuma na same shi na roƙe shi, don girman Allah, ko na zo ina magiya kada ya sake buga mini.

Lahadi, 1 ga Yuni. Kwana 10.

Jiya aka yi wasan ƙarshen nan na zakarun Turai. Na kulle kaina a shago da ɗinkin babbar Sallah, ina jin ihu daga nesa har sau biyar. Sha'awar ta zo wajen ƙarfe takwas da rabi, na kira Yaya, muka yi hirar kuɗin rago har ta sauka. Na duba agogo, ba ta kai minti talatin ba.

Talata, 10 ga Yuni. Kwana 19.

An yi babbar Sallah ranar Juma'a. Bana ban yi layya ba, Yaya ya aiko mana da cinya. Babban ɗana ya tambayi dalili, na ce masa akwai bashin da ya wajaba a fara biya, kuma ni na jawo shi. An kammala na mai shadda, an kai wa uwar adashi 30,000. Saura 180,000.

Na koma wurin likita na faɗa masa abin da ya faru. Bai nuna mamaki ba, ya ce komawa tana faruwa ga masu yawa a wannan hanya, abin dubawa shi ne tsawon lokacin da mutum ya ɗauka kafin ya faɗa. Ya ba ni labarin ƙungiyar da 'yan caca suka kafa a Amurka a 1957, inda suke haɗuwa suna faɗa wa juna gaskiya ba tare da an bayyana sunan kowa ba, ya ce ko mutum biyu ma za su iya yin irin wannan. Na san wani mai Keke Napep a unguwarmu da ya sayar da babur ɗinsa na farko saboda cacar waya da ake kira wasan jirgi. Na yi masa magana, ya yi shiru, sannan ya ce zai zo.

Laraba, 16 ga Yuli. Kwana 55.

Ranar Lahadi labarin rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya iso, jiya kuma aka yi jana'izarsa a Daura, garin nan duka hankali ya koma can. Sai yau na ji a bakin yaron shago cewa a daren Lahadin nan Chelsea ta ci PSG uku da nema a wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi. Kwana uku ban san sakamakon babban wasa ba, ban kuma nema ba.

Mun zauna da mai Keken sau biyar ke nan, kowace Juma'a bayan la'asar a shagona. Ba ma yin doguwar magana. Kowa ya faɗi kwanakinsa, da ranar da ta fi masa wuya a makon, da ko akwai abin da yake ɓoyewa a gida. Shi ya koma sau biyu a cikin wannan lokaci, kuma sau biyun ya zo ya faɗa. An gama biyan adashi.

Asabar, 16 ga Agusta. Kwana 86.

Jiya aka buɗe sabuwar kakar Firimiyar Ingila, kuma tun mako biyu da suka wuce na shirya mata. Na karɓi kwangilar ɗinkin kayan makaranta wadda za ta cinye mini yammacin Asabar da Lahadi har tsakiyar Satumba, na kuma nemi Yaya ya ci gaba da riƙe babbar wayar har ƙarshen shekara, ko da yake shi da kansa ya ce yana ganin za a iya dawo mini da ita. Ban yarda da kaina a kan wannan ba tukuna.

Ƙaramin ɗana ya roƙe ni rigar ƙwallo, muka je kasuwa, na ga riguna da yawa ɗauke da sunan kamfanin caca a ƙirji. Ƙungiyoyin Firimiya sun amince tun 2023 cewa za su cire irin wannan talla daga gaban riga bayan ƙarshen wannan kakar, amma har zuwa lokacin yaranmu ne ke yawo da ita a unguwa. Na saya masa wadda ba ta da shi.

Da yamma wajen ƙarfe uku ihu ya tashi daga gidan kallo, ƙafata ta tsaya a kan keke, na ji kaina ya fara tambayar wa ya ci kuma nawa aka ba shi. Na tashi na je wurin mai zare na zauna har ta wuce. An kai wa Yaya 20,000 ta farko ranar Alhamis, ya rubuta a bayan littafin nan ya sa hannu. Saura 130,000, kuma mun yi da shi za a riƙa kai 20,000 kowane ƙarshen wata. Mai Keke bai zo jiya ba, wayarsa kuma a kashe. Gobe bayan azahar zan je gidansu.